Jirgin ƙasa a kan tebur: tambayoyi da amsoshi ga mai son shimfiɗa ƙaramin dogo a gida

Duk wanda ya shigo ɗakina ya tarar da jirgin ƙasa mai tsawon tafin hannu yana ratsawa tsakanin kuka da gidajen ƙasa, tambayoyinsa ba sa bambanta da na wanda ya zo kafinsa. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa, tun daga na ɗan kallo har na wanda ya riga ya sayo jirgi ya rasa inda zai dosa da shi.

Mene ne bambancin wannan da jirgin wasan yara na kasuwa?

Na kasuwa batir ne a cikinsa, dogonsa roba, ranar da wani abu ya karye kuma sai bola. Wanda muke magana a kansa kwaikwayon jirgi ne na gaske da aka rage masa girma da lissafi, tun daga tsawon tarago har faɗin taga. Dogonsa ƙarfe ne, ta cikinsa wuta take bi ta hau ƙafafun jirgin ta juya ɗan injin da ke ciki, kai kuwa kana gefe kana ƙara gudu ko ragewa. Akwai ƙa'idar awo da kamfanoni suka amince da ita, shi ya sa taragon da aka ƙera a Austriya zai hau dogon da aka yi a Ingila. Kamfanin Märklin na garin Göppingen a Jamus ne ya fito da tsarin dogo mai tsayayyen awo a baje kolin Leipzig na 1891, saura suka bi sawu.

Yawancin masu zuwa da wannan tambaya bidiyon Miniatur Wunderland suka gani, wato katafariyar shimfiɗar nan ta birnin Hamburg da 'yan'uwa biyu, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a 2001, wadda dogonta ya haura kilomita 16. A kalla a yi sha'awa, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Can ma'aikata ne da yawa da shekaru sama da ashirin na aiki.

Ina ganin HO, OO, N a jikin kwalaye. Me suke nufi?

Abu biyu ne ake yawan cakuɗawa: sikeli da geji. Sikeli shi ne sau nawa aka rage girman jirgin gaske. Geji kuma shi ne tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo biyu. HO sikelinsa 1:87 ne, gejinsa milimita 16.5, shi ne ya fi yaɗuwa a duniya. N ya kai kusan rabin HO, 1:160 a kan geji milimita 9, sai dai Ingila tana yin nata 1:148, Japan kuma 1:150. Akwai TT mai 1:120 a kan milimita 12, da Z wanda Märklin ya fitar a 1972, 1:220 a kan milimita 6.5, ƙanƙane har ya fi dacewa da mai gyaran agogo. Manya su ne O mai geji milimita 32 da G mai 45, wanda ake shimfiɗawa a tsakar gida.

OO na Ingila ne, kuma labarinsa ɗan ban dariya ne. Jiragen Ingila na gaske sun fi na Turai da Amurka ƙanƙanta, injinan lantarkin shekarun 1930 kuwa ba sa shiga cikinsu idan aka rage su zuwa 1:87. Sai aka kumbura jikin zuwa 1:76 aka bar dogon HO yadda yake. Har yau haka ake tafiya. Don haka jirgin OO zai yi tafiya a kan dogon HO, amma in ka jera su za ka ga ɗaya ya fi ɗaya ƙiba.

To wanne zan zaɓa?

Ɗakinka da idonka ne za su zaɓa maka. A HO mutum tsayinsa kusan santimita 2 ne, kilomita ɗaya ta gaske kuma mita 11 da rabi ce. A N mutum santimita 1 ne da ɗoriya, kilomita ɗaya mita 6 da kwata. N zai ba ka dogon jirgi a ƙaramin wuri, amma ƙura tana tsayar da shi da wuri saboda ba shi da nauyi, kuma mai shekaru zai sha wuya wajen ɗora ƙafafunsa a kan dogo. A ƙasar da hunturu ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ni HO ko OO nake ba wa mai farawa shawara, sai in wuri ya yi masa ƙaranci sosai.

Gargaɗi ɗaya: HO na Märklin tsarinsa daban ne. Yana ɗaukar wuta daga wasu 'yan ƙusoshi a tsakiyar dogo, kuma ƙafafun taragunsa suna haɗa ƙarafan biyu. In ka ɗora su a kan dogon wasu kamfanoni kamar Peco ko Roco ko Atlas, wuta za ta haɗe nan take. Kayan Märklin masu kyau ne, amma in ka shiga gidansu to ka zauna can.

Ba ni da ɗaki na musamman. Wuri nawa ake bukata?

Littattafan Amurka sun saba cewa a fara da filawud guda, ƙafa 4 da ƙafa 8, wato santimita 122 da 244. Abin da ba sa faɗa shi ne hannun mutum ba ya wuce santimita 60 zuwa 75, saboda haka dole a bar hanya a gefe uku na teburin, sai ka ga ya cinye ɗaki sukutum. Mai gidan haya ya manta da wannan. Kanta a jikin bango mai faɗin santimita 30 zuwa 45 da tsawon mita ɗaya da rabi ya isa a yi tasha da layukan ajiye taragu a HO. Jirgin ba zai kewaya ba, zuwa da komowa zai yi, kuma in ka karanta amsar ƙarshe za ka ga wannan ba rashi ba ne. Wanda ransa ya kafe sai ya ga jirgi yana kewayawa, ya nemi tsohon ƙyauren ƙofa mai santsi, mita 2 da santimita 80, ya yi N a kansa. Da dare a jingine shi a bango.

Me zan fara saya, kuma a ina?

Kwalin farawa guda: kan jirgi ɗaya, taragu biyu ko uku, dogo mai kewaye da na'urar sarrafa gudu. Hornby, Bachmann, Piko, Roco da Kato duk suna yin irinsa. Ka ƙara mararraba biyu, wato guntun dogo da ke raba layi gida biyu, da 'yan gundayen dogo miƙaƙƙu, ka tsaya haka. Cutar mai farawa ita ce tara kawunan jirgi biyar alhali ba shi da mita biyu na dogon kirki.

Abu uku kawai ya zama dole su fito daga waje: jirgin, dogon da na'urar sarrafawa. Ana samunsu ta shagunan intanet da eBay, ko a ba ɗan'uwa mai dawowa daga tafiya saƙo, wanda shi ya fi sauƙi domin kuɗin aikowa da na kwastan kan tasam ma kuɗin kayan. Taragu na hannu ba laifi. Kan jirgi na hannu kuwa sai wanda mai shi ya nuna yana tafiya. Tsohon dogon baƙin ƙarfe ko na tagulla ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, araha ba ta ado. Dalilin yana cikin amsar da ta shafi ƙura. Sauran kaya, katako, waya, gam, fenti, ƙasa da tsakuwa, duk suna unguwarku.

Yaya batun wuta? Ba ya jan mutum? In an ɗauke fa?

Abin da ke bin dogo bai wuce volt 12 zuwa 16 ba, ba ya jan kowa. Haɗarin yana wajen soket. Wutar Najeriya da Nijar volt 220 zuwa 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Taransifomata ta farko daga Amurka aka kawo mini ita, ban duba rubutun jikinta ba na soka, ƙauri kawai na ji. Ka karanta: in an rubuta 100–240V to lafiya. Kayan Ingila suna shiga soket ɗin Najeriya kai tsaye, na Jamus da Faransa kuma na Nijar. In da janareta kake aiki, ka bi ta sitabilaiza.

Mai batirin sola ya fi kowa morewa, domin jirgin tsarin DC, wanda bayaninsa ke amsa ta gaba, volt 12 yake so. Ƙaramar na'urar rage gudun injin lantarki irin ta PWM, da makunni mai juya waya biyu don gaba da baya, sun wadatar. Amma batir ba shi da tausayi: in ƙusa ta faɗo ta haɗa ƙarafan dogo biyu zai tura wutar da za ta narkar da waya. Dole a sa fis na amp 2 a bakin batir. Tsohuwar dabara ita ce a jera ƙwan fitilar mota mai watt 21 a kan waya ɗaya. Wuta na haɗewa sai ƙwan ya kama, ya shanye ƙarfin, ya kuma sanar da kai.

DC ko DCC?

A DC dogon kake sarrafawa: ka ƙara wuta jirgi ya ƙara gudu, ka juya waya ya koma baya. Duk jirgin da ke kan layin abu ɗaya zai yi. A DCC wuta tana kan dogo kullum, tare da saƙonni, kowane kan jirgi kuma yana da 'yar dikoda mai lamba da ke amsa nasa kiran kaɗai. Jirgi uku a layi ɗaya, kowa da gudunsa da fitilarsa, har da ƙarar inji da oda in dikodar mai sauti ce. Kamfanin Lenz na Jamus ne ya ƙirƙiro tsarin, NMRA, ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, ta mai da shi ƙa'idar kowa a shekarun 1990.

Mai kan jirgi ɗaya ba ya bukatar DCC. Ya dai sayi wanda aka rubuta yana da gurbin dikoda, don gaba. Mai hannu a kayan lantarki zai iya haɗa tasa na'urar da ɗan allon kwamfuta na Arduino ta hanyar manhajar DCC-EX, wadda kyauta ce. Abin kiyayewa: kan jirgin da ba shi da dikoda kada a bar shi zaune a kan dogon DCC, injinsa zai yi ta gurnani yana zafi har ya ƙone.

Wane irin tebur zan sa kafinta ya yi mini?

Filawud mai kaurin milimita 9 zuwa 12 a kan firam, da katakon gicciye a ƙasa kowane santimita 40. Ka nace a kan busasshen katako, domin ɗanye zai murɗe bayan wata biyu ya tafi da dogonka. A shafe shi da fenti sama da ƙasa da gefuna kafin a ɗora komai. Allon garin katako da ake matsewa ba ya jure laimar damina. Tsayi daga mita 1 zuwa santimita 120 ya fi, don jirgi ya fi kyau in ana kallonsa daga gefe, kuma za ka shiga ƙarƙashi ka yi waya. In tsawon ya wuce santimita 120 a yi shi gida-gida ana ɗaurewa da noti, saboda ranar tashi daga gida. Kada ya manne da bangon da gara ke bi, kuma ka riƙa leƙa ƙafafunsa.

Wace irin kwana da wane irin hawa jirgi zai iya ɗauka?

Ana auna kwana daga tsakiyar da'ira zuwa tsakiyar dogo. A HO santimita 46 ita ce ta ƙasa, 56 ta fi kwanciyar hankali, dogayen taragun fasinja kuma suna son fiye da haka. Hornby suna kiran tasu ta farko, ta biyu, ta uku. Ta farko mai milimita 371 ta ƙananan jirage ce kawai, yawancin sababbi daga ta biyu mai 438 suke farawa. A N kada a sauka ƙasa da santimita 25, 28 zuwa 31 ta fi. In kwanar dama za ta bi ta hagu, a sa miƙaƙƙen dogo tsakaninsu mai tsawon tarago mafi tsawo.

Kowa yana son gadar da jirgi zai bi ta saman wani layi, kuma nan ake faɗuwa. Hawan da ya dace shi ne santimita 2 a kowace mita. Kafin layi ya haye wani a HO yana bukatar tashi kusan santimita 8, wato mita 4 na hawa da wasu 4 na sauka. In ka matse shi a mita ɗaya da rabi, kan jirgin zai tsaya yana ta murza ƙafa a wuri ɗaya. A shimfiɗar farko a bar komai a kwance. In ana son gada, a yanke katakon a yi rafi a ƙarƙashinta.

Yaya ake kafa dogon, kuma me ya sa nawa ya lanƙwashe da kansa?

Dogo iri biyu ne: gunduwa-gunduwa da ake sarƙawa, da mai lanƙwasuwa mai tsawon kusan santimita 90 wanda ake yankawa. Na farko ya fi wa mai koyo sauƙi. Ka jera shi ba gam ba ƙusa, ka kora jirgi gaba da baya na sati guda, sai ka tabbata tsarin ya yi maka sannan ka kafa. Ƙusar kada ta danne 'yan katakan gicciye na dogon har su lotsa, hakan yana matse geji. Kowace mahaɗa ka shafa da ɗan yatsa. In ka ji tudu, jirgi ma zai ji.

Lanƙwashewa kuwa yanayi ne. Na taɓa kafa layi a watan Agusta na matse kowace mahaɗa tsam, ina jin na iya. Janairu na zuwa katako ya bushe ya tsuke, ƙarfen ya rasa wurin zuwa, ya tashi kamar maciji. Zafin bazara ma yana miƙa ƙarfe: mita ɗaya tana ƙaruwa da kusan sulusin milimita in zafi ya hau da digiri 20. Magani shi ne a bar 'yar tazara mai kaurin katin waya a kowace mita a miƙaƙƙen layi, a liƙe mahaɗun kwana kawai da dalma. Kuma kada rana ta taga ta riƙa dukan teburin, har jikin taragu takan lauye.

Waya biyu ba su isa ba?

Ga ƙaramin kewaye sun isa na ɗan lokaci. Maƙalan da ke haɗa dogo da dogo suna saki suna datti, sai ka ga jirgi yana rage gudu a can nesa da inda wuta ta shiga. A ja wayoyi biyu masu kauri a ƙarƙashin tebur, ja da baƙa, daga jikinsu a riƙa ɗaga sirara zuwa dogo kowace mita, a liƙe da dalma a gefen waje na ƙarfen. Wanda bai iya riƙe dalma ba ya zauna wurin mai gyaran rediyo yini ɗaya. Ja kullum a ƙarfe ɗaya, baƙa a ɗayan.

Inda lissafin ke rikicewa shi ne layin da ya kewayo ya dawo kan kansa har jirgi ya juya fuska. A nan ƙarfen dama zai haɗu da na hagu. Sai an raba wannan yanki da maƙalan roba a bakinsa biyu an ba shi makunnin juya waya, ko na'urar da ke juyawa da kanta a DCC. Mai farawa ya kauce masa.

Jirgina yana tafiya yana tsayawa, fitila tana ƙyaftawa. Ƙura ce?

Sau tara cikin goma ita ce. Inda ƙafar jirgi ke taɓa dogo bai fi bakin allura ba, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta yanke wuta. Shi ya sa ake son dogon nikel silba, wani haɗin jan ƙarfe da nikel da tutiya wanda ko ya dushe wuta tana bi, saɓanin baƙin ƙarfe mai tsatsa da tagulla mai saurin dafewa. A goge saman dogo da farin ƙyalle marar gashi da ɗan sifirit na kemis. Ban da fetur, ban da tina, suna cin roba. Ban da samfefa: tana barin ƙananan karce da datti zai zauna a ciki, gobe abin ya fi na yau. Ƙafafun kan jirgi ma a goge: a shimfiɗa ƙyalle mai sifirit a kan dogo, a ɗora rabin ƙafafun a kai, a ba da wuta su juya.

Rigakafi ya fi: murfi. Leda mai kauri a kan 'yan sanduna, ko zanin gado da ba ya taɓa itatuwa, daga Nuwamba har Maris. Murfin yana kuma hana mage kwana a tasha. Mai kuwa ɗigo ɗaya a bakin allura, na musamman da ba ya cin roba. Man gyaɗa, baƙin mai da man feshin kwance noti duk sun kashe jirage da yawa.

Tarago ɗaya kullum sai ya sauka daga dogo. Laifin wa?

In taragu daban-daban suna sauka a wuri ɗaya, laifin dogo ne: mahaɗa ta goce, ko tsakuwa ta maƙale a mararraba. In tarago ɗaya ne yake sauka ko'ina, laifinsa ne. Ka auna tazarar bayan ƙafa zuwa bayan ƙafa, a HO da OO milimita 14.4 zuwa 14.5 ake so. Ka duba maƙatar da ke haɗa shi da na gaba, ko ta yi ƙasa tana karo. Sannan nauyi: ƙa'idar NMRA a HO ita ce giram 28, a ƙara 14 a kan kowane santimita 2 da rabi na tsawo, wato taragon santimita 15 ya kai kusan giram 110. A manna masa noti ko washa a ciki, a ƙasa, a tsakiya. Ka kuma rage gudu. Jirgin da ke kilomita 60 a awa, a HO santimita 19 kawai yake ci a daƙiƙa.

Tsakuwar dogo da ƙasa fa, sai an sayo?

A'a. Yashin rafi da aka tankaɗe sau biyu, a zubar da manya a zubar da gari, yana ba da tsakuwa daidai. A wanke shi, a shanya, a soya a tsohon kasko don kashe ƙwari, sannan a ratsa mayen ƙarfe a ciki. Wannan na ƙarshe kada a tsallake shi, domin injin jirgi yana da maganaɗisu kuma zai zuƙe duk burbushin ƙarfen da ke cikin yashin. A zuba da cokali, a daidaita da burushi, a fesa ruwa mai ɗigon sabulun wanke-wanke har ya jiƙe, sannan a ɗiga farin gam na kafintoci da aka sirka rabi da rabi da ruwa. A bar shi kwana ɗaya. Kusa da harshen mararraba kada gam ya je. Kada kuma a yi wannan aiki sai jirgi ya yi wata guda yana tafiya ba tangarɗa, don bayan gam gyara sai da ɓarna.

Jar ƙasa da aka tankaɗe a rariyar gari ta fi duk wani fenti kama da ƙasa, tunda ita ce.

Duwatsu, itatuwa da gidaje?

Nan ne wanda ya yi motar kara yana yaro zai tuna hannunsa. Tudu ana yinsa da farin kumfan da ake ƙunshe firij da talabijin, a sassaƙa da wuƙa, a lulluɓe da tsumma da aka tsoma a ruwan POP na masu silin. Gam mai ƙarfin wari da fentin feshi suna narkar da kumfan, farin gam kawai. Gam ɗin fulawa ko na rogo kuwa gayyatar kyankyaso da ɓera ne. Ciyawa garin katako ne da aka rina. Ka yi kore kala biyu da ruwan ƙasa, don daji ba launi ɗaya ba ne.

Itace daga wayar lantarki mai silli da yawa: a murɗe gindi, a ware rassa, a shafa POP, a manna soson katifa da aka rina aka marmashe. Kuka ta fi kowace sauƙi, gindi ƙato, rassa tsirara, in rani kake kwaikwaya ko ganye ba ta bukata. Gidan ƙasa kwali ne mai kauri da aka shafe da jar ƙasa da gam, a ɗaga masa zanko a kusurwa, a soka tsinken tsintsiya a matsayin indararo. Kwanon rufi kuma takardar alminiyam ce da aka danna a kan abu mai layi-layi. Awo kawai za a kiyaye: ƙofar mita 2 a HO santimita 2.3 ce. Gida ɗaya da ya zarce awo yana mai da shimfiɗa duka kayan wasa.

Zan iya kwaikwayon jirgin ƙasar Najeriya?

Za ka iya, amma kada ka sa ran ciro shi daga kwali a shirye. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911, da layukan Ƙauran Namoda da Nguru da Maiduguri, gejinsa milimita 1,067 ne, bai kai na ƙa'idar duniya mai 1,435 ba. In ka raba da 87 za ka samu 12 da ɗoriya, wato jiki na HO a kan dogon milimita 12, irin wanda Peco ke sayarwa da sunan HOm. Mutanen New Zealand, da suke da geji irin namu, sukan yi 1:64 a kan dogon HO. Mafi yawan mutane dai rufe ido suke yi su yi amfani da HO yadda yake, su sake fenti suna duban hotuna. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, daga Idu zuwa Rigasa, shi gejin duniya ne, jiragensa ƙirar China, kuma ana yin samfurin jiragen China a HO, don haka shi ya fi kusa.

Wanda ya fi burge ni shi ne ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya hau tsaunin Jos har Bukuru saboda kuza, aka kammala shi a 1914 aka rufe a 1957. Gejinsa milimita 762, wanda a 1:87 ya faɗo kusan kan dogon milimita 9, abin da ake kira HOe ko HOn30. Ƙananan jirage, kwana masu tsauri, duwatsu: ya dace da kanta. Mai son Kano kuma ga dalar gyaɗa a gefen layi. A sassaƙa dalar da kumfa, a lulluɓe ta da buhunan yumɓu masu tsawon santimita ɗaya. Aikin dare da yawa ne.

Ba na son ajiye mutum-mutumi a gida. Shimfiɗar za ta yi kyau ba su?

Sosai. Hukuncin a tambayi malamai, amma ta fuskar aiki babu abin da ya rataya a kansu. Ka zaɓi lokacin da tasha take zama wayam, tsakar ranar bazara ko ranar Juma'a an tafi masallaci: keke a jingine a gindin darbejiya, buhuna a kan dakali, tabarma da buta a inuwa, kurar tura kaya a ajiye. Ido da kansa zai cika sauran.

Yara za su iya shiga ciki?

Kamfanoni da yawa suna rubuta shekara 14 a kwalayensu saboda ƙananan sassa da ake iya haɗiyewa. Ɗan shekara bakwai zai iya riƙe na'urar gudu kana tsaye, zai kuma fi ka iya rina garin katako. Dalma da wuƙa da soket naka ne. Ka ware masa tsohon tarago ɗaya da zai taɓa yadda ya so.

Na gama, jirgi yana ta kewayawa, har na fara gajiya. Sai me?

Jirgin gaske ba yawo yake ba, kaya yake kaiwa. Ka ba kowane layin ajiya aiki, wannan na gyaɗa, wannan na shanu, wancan na man fetur, ka rubuta sunan kowane tarago a kati, ka cakuɗa, ka ja, duk inda kati ya ce nan za a kai shi. Nan take mararraba biyu sun zama aikin awa guda.

Akwai wasan da wani Bature ɗan Ingila, Alan Wright, ya shahara da shi, ana kiransa Inglenook, wanda asalinsa a kan katako mai ƙafa 4 da ƙafa 1 aka yi shi. Layuka uku ne: ɗaya yana ɗaukar tarago 5, biyu suna ɗaukar uku-uku, layin ja da baya kuma yana ɗaukar kan jirgi da tarago 3 kacal. Taragu 8 ne a fili. Za ka ja kati 5, ka haɗa jirgi da waɗannan biyar a jeren da suka fito, ba tare da ka ɗaga ko ɗaya da hannu ba. Jeren da zai iya fitowa 6,720 ne. Wasan ba ya tafiya sai jirgi yana iya rarrafe a hankali a kan mararraba ba ya tsayawa, saboda haka kafin ka yanka katunan ka koma amsar ƙura da ta waya, ka kuma tanadi tsinken sakace na kwance maƙata.